Tuwon da ba a ci: yadda na tuƙa wa yarana yumɓun fulawa a Makka

Sai wadda ta taɓa yin dogon hutun makaranta a Makka da ƙananan yara a ɗaki za ta gane abin da ya kai ni ga tuƙa tuwon da ba a ci. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 45, ƙyauren ƙarfe ma da tsumma ake kama shi da rana tsaka. Muna hawa na uku ne a wani gini a Hindawiyya, ba tsakar gida, ba dandali. 'Yata mai shekara 5 da ƙaninta mai shekara 2 da 'yan watanni, daga an karya kumallo sai rikicin waya. Wannan ya fizge, waccan ta ƙwala ihu, ni kuma ina tsakiya kamar alƙalin da ba a jin maganarsa.

Abu ɗaya na ga ya raba su da wayar. Ranar da aka rufe rauda, wato makarantar ƙananan yara, yarinyar ta dawo da ɗan gwangwanin roba na abin nan mai laushi da yara ke mulmulawa, wanda a nan ake ce wa salsal. Yini guda cur ban ji kukan kowa ba. Kwana uku aka yi, aka manta murfin a buɗe a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Abbansu ya sake sayowa har sau biyu a shagunan nan na komai riyal biyar. Shi ma haka ya ƙare, ga wani ƙamshi kamar an narka alawa da roba, wanda ni dai yana sa min ciwon kai.

Hajiya surukata, wadda muke zaune tare, tun tana budurwa ta baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, amma har yau Hausarta ba ta gauraya ba. Da ta ji jikarta na kukan salsal sai ta ce, “Wane salsal kuma? Wanda aka ambata a Suratur Rahman, da aka halicci mutum da shi? Ke kishiya, yumɓu ake cewa.” Daga nan ta shiga ba mu labarin yadda suke ɗebo yumɓu a bakin rafi bayan ruwa ya ɗauke, maza su gina shanu masu tozo, mata su gina tukwane da kasko su shanya a kan danga. A Makka ina za ki ga yumɓu? Dutse ne ta gabas, dutse ta yamma.

Na zauna na bincika me ake sa wa a na kantin. Ashe shi kansa shahararren nan, Play-Doh, jigonsa ruwa ne da gishiri da fulawa. Asalinsa ma ba abin wasa ba ne: wani kamfanin sabulu a birnin Cincinnati na Amurka ne yake yin sa don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar da ake manna wa bango, sai a 1956 aka fara sayar da shi a matsayin abin wasan yara. Abin da ya ba ni dariya shi ne a 2018 kamfanin Hasbro, mai Play-Doh ɗin, ya yi rajistar ƙamshinsa a hukumance, kamar yadda ake rajistar tambari. Na ce to, in dai ruwa da gishiri da fulawa ne, ai duk suna cikin kabad ɗina, ƙamshi kuwa ba a koya wa Bahaushiya.

Kafin in kunna wuta sai da na sha tambaya. Hajiya ta gan ni da kwano ta ce me za a yi, na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, abinci za ki ba yara su tattake? Fulawa fa ni'ima ce.” Ban ga laifinta ba. A garin nan ko ɓawon burodi ba a haɗa shi da shara, leda daban ake sa shi a ajiye wa masu tumaki. Ni ma abin ya tsaya min a rai. Abin da ya raba gardamar shi ne ragowar fulawar sambusar azumi da ta kwana biyu a can ƙuryar kabad, har ta fara warin daɗewa, ba wanda zai yarda a yi masa fanke da ita. Na buɗe na miƙa mata ta shinshina. Ta ce, “To, wannan dai ta riga ta fita daga sahun abinci.” Na tankaɗe ta sau biyu. Tun daga ranar na ɗauka wa kaina cewa kofi ɗaya nake yi, ba na buɗe sabuwar leda don wasa.

Gwajin farko ban daɗe a kansa ba. Na kwaɓa komai da ruwan sanyi kamar za a yi cincin. Ya manne a hannu, gishirin yana ƙaras-ƙaras kamar yashi, washegari ya saki ruwa a cikin leda. Na zubar.

Sai na koma ga na dafawa, kuma nan ne na gane cewa aikin da na sani ne tun ina 'yar shekara goma. Tuwo ne kawai. Ma'aunin da na tsaya a kai bayan gwaje-gwaje shi ne fulawa kofi 1, ruwa kofi 1, gishiri rabin kofi, man girki babban cokali 1, da abu mai tsami. Kofi ɗaya nake auna duka da shi, mai cin mililita 250. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aikin dai ido ya yaudare ni sau biyu, shi ya sa nake aunawa.

Maganar abu mai tsamin ta ɗan ba ni wahala. Turawa wata farar hoda suke sawa wadda ake kankarowa daga gangunan da ake tsima ruwan inabi. Ban same ta a baƙala, wato kantin layinmu, ba, kuma da na ji inda take fitowa ban matsa nema ba. Mai shagon kayan ƙamshi, wanda Larabawa ke kira attar, shi ya nuna min gishirin lemun tsami, milhul laimun, wanda matan nan ke sa wa a tsime-tsime. Ƙaramin cokali 1 ya isa. In babu, ruwan lemun tsami babban cokali 2 yana yi, sai a rage ruwa daidai hakan. Na taɓa gwadawa babu tsamin sam, ya fito yana tsinkewa in an ja shi, kuma bai yi sulɓi ba. Tsamin ne ke sa shi danƙo da laushi, yana kuma taya gishiri hana shi lalacewa da wuri.

Ga yadda nake yi. Ina ɗumama ruwan in zuba gishiri da gishirin lemun tsami, in juya har su narke iya narkewa. Gishirin yana da yawa, ba zai narke duka ba, shi ya sa nake fara niƙa shi a bilenda ya zama gari. In sauke, in zuba mai, sannan in riƙa barbaɗa fulawa ina damawa tun ba ta kan wuta, har sai ba gudaji, ta yi kaurin kunun tsamiya. Sai in mayar kan wuta ƙasa-ƙasa in kama muciya. Minti na farko ba ki ganin komai, har ki fara tunanin kin yi asara. Can sai ki ji muciyar ta yi nauyi a ƙasan tukunya, wasu curarraki su fara tasowa kamar an ɓata talge. Kada ki tsorata ki ƙara ruwa, nan na yi kuskure a karo na biyu. Ki ci gaba da tuƙi kina kankare gefe. Cikin minti 3 zuwa 4 zai saki jikin tukunyar ya dunƙule wuri ɗaya ya naɗe muciyar, sheƙin danshin nan ya ɓace. Ki ɗan tsunkuno ki matsa tsakanin yatsu biyu: in bai manne ba, ya yi. In kika ƙara minti ɗaya a kan haka, ƙanzo za ki samu a ƙasa, sauran kuma ya yi tauri.

Ina juye shi a faranti in bar shi ya huce har hannu ya iya ɗauka, sannan in murza kamar kwaɓin gurasa, minti biyar ko fiye. Murzawar ce ke fitar da kyansa. Yana farawa kamar tuwon da bai tuƙu ba, yana ƙarewa sumul kamar kumatun jariri. Tukunyar kuma a zuba mata ruwa nan take, in ta bushe sai kin yi da gaske.

Wannan farin ke nan. Inda na ɓata makonni ina wasa, har na fi yaran, shi ne wajen launi da ƙamshi.

Zoɓo na fara da shi, wanda a nan ake kira karkade. Na tafasa cikin hannu ɗaya a ruwa kofi ɗaya da rabi, na tace, na auni kofi ɗaya na yi amfani da shi maimakon farin ruwa. Tunda shi ma mai tsami ne, sai na rage gishirin lemun tsami zuwa rabi. Ya fito ja mai ratsin shuni, kyakkyawa ƙwarai, sai dai bayan kwanaki yana dusashewa ya koma kamar launin hanta. Kurkum kuwa rabin ƙaramin cokali ya isa ya ba da rawaya mai haske. Na taɓa cika hannu, farar jallabiyar auta har yau tana da shaida a gaba. Kirfa tana ba da launin ƙasa mai haske da ƙamshin da ya fi kowanne daɗewa, har mako uku in an buɗe roba ana jin sa. Amma ƙaramin cokali 1 nake tsayawa, don kirfa in ta yi yawa tana sa fatar wasu yara ja da ƙaiƙayi. Hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, ba ya ba da launi, sai ɗigo-ɗigo baƙi, amma na daka shi na murza a cikin na kurkum, gidan ya ɗauki ƙamshin gahawa har Abbansu ya leƙo kicin yana tambayar ko baƙi aka yi. Busasshen na'ana'a da na murtsuke na tankaɗe ya ba da kore mai duhu, ƙamshinsa kuma kwana huɗu ya yi ya tafi.

Ruwan wardi shi ya koya min darasin lokaci. Muna da kwalba da muka sayo a Ɗa'if, garin da ake tsinkar furen wardi wajejen Maris da Afrilu. Na zuba shi a tukunya tun farko, ƙamshin ya bi tururi ya tafi, kicin ya yi daɗi, kwaɓin kuma ba komai. Daga baya na gane cewa duk ƙamshi mai ruwa sai an sauke, ya huce, a yi rami a tsakiya a ɗiga cokali ɗaya a murza. In ya yi danshi a barbaɗa fulawa kaɗan. Na gari kamar kirfa da hel su ma a wajen murzawa nake sa su yanzu, don haka kwaɓi ɗaya sai in raba shi uku, kowane da nasa.

Akwai waɗanda ba zan sake ba. Na ce bari in samu kore da garin kuka, tunda ga shi nan mun sayo a Shara Mansur, wato titin Mansur. Wallahi miya na haɗa. Yauƙi ya hana shi tsayuwa, warin kuma ba na wasa ba ne. Garin zogale ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Lalle kuwa launinsa ya yi kyau a kwaɓi, amma bayan rabin awa tafin hannun yaran duka ya yi ja, har da na namijin, Hajiya tana ta yi masa tsiya wai angonta ya sha ƙunshi. Wata maƙwabciyata da ta shigo ta ga abin ta ce, “Maman yara, ki ɗiga humra mana, ko ɗan man udu, ai sai ya fi haka tashi.” Na ce a'a. Hannun da ya murza kwaɓin shi ne zai shiga ido, shi ne zai shiga baki. Turaren jiki da matattarar man ƙamshi na kwalba suna da ƙarfin da bai dace da ɗan shekara biyu ba. Ƙa'idata ita ce abin da ba zan sa a shayi ko a miya ba, ba ya shiga.

Wata rana kuma yarinyar ta tsoma yatsa a ruwan kanwar da na jiƙa don wake, ta shafa a curin zoɓo. Wurin ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ta ruga tana cewa, “Umma, ya lalace!” Na ce kawo na kurkum mu gani, muka ɗiga masa, ya koma ja. Launin zoɓo da na kurkum suna sauyawa ne idan suka bar tsami suka haɗu da abu irin kanwa. Ranar har Magariba ana ɗige-ɗige, ni da ita, bayan auta ya yi barci.

Yanzu ga inda na yi wauta, kuma saboda shi ne ma na zauna rubuta wannan. Ganin komai na tafiya daidai, sai na yi wani da garin cakulan babban cokali biyu, na ƙara 'yar fanila. Ya fito baƙi-baƙi mai sheƙi, ƙamshinsa kamar kek ɗin da aka fito da shi daga tanda. Ni kaina sai da yawuna ya tsinke. Na ba su, na juya in ɗauraye tukunya. Ban fi minti biyu ba na ji yarinyar na cewa, “Umma, ga shi yana ci!” Na tarar da auta baki dumu-dumu, fuska a yamutse, yana tofarwa amma ya riga ya haɗiye wani. Duk sauran launukan ya taɓa lasa ya tofar tun a harshe, ɗacin gishiri ya kore shi. Wannan kuwa hancinsa ya gaya masa kek ne, sai ya gutsura da gaske.

Na zaro abin da ya rage a bakinsa da yatsa, na ba shi ruwa, na kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya da ake samun likita a waya. Aka tambaye ni shekarunsa da nauyinsa da kimanin abin da ya haɗiya. Da na haɗa curin na duba, abin da ya ɓace bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Aka ce kada in sa shi amai, in ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, in sa ido: in ya fara amai, ko ƙishirwa mai tsanani, ko kasala da barcin da ba na lokacinsa ba, in kai shi asibiti ba jira. Alhamdu lillahi ba abin da ya same shi, sai ruwa da ya yi ta sha.

Da dare na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Rabin kofin gishiri ya kai gram 140 zuwa 150. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai gram 5 a rana, wato gishirin kusan wata guda na babban mutum ke cikin tukunyar nan ɗaya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin kwaɓin gishiri ne. Hukumar lafiya ta Ingila kuma ta sa iyakar gram 2 a rana ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 3. Curi ɗaya kamar dabino ya riga ya wuce wannan. Mu muna jin an ce “na gida ne, ba sinadari” sai hankalinmu ya kwanta, alhali gishiri mai yawa a cikin ƙaramin jiki guba ne.

Na gwada rage gishirin zuwa kwata. Ya yi laushi, amma kafin mako ya fara furfura, kuma ɗacin da ke sa yaro ya tofar ya ragu, wanda a ganina ya fi haɗari. Sai na mayar da shi rabin kofi na canja wasu abubuwan. Na daina cakulan da fanila kwata-kwata, da duk abin da ke ƙamshin kayan zaƙi. Wardi, na'ana'a da hel su nake ba auta, su ba sa kiransa ga ci. Ba ya wasa da shi sai ina zaune a gabansa, in zan tashi ko buɗe ƙofa ne, da robar nake tashi. Yaron da ke da ciwo a yatsa kuma a bari ya warke, don gishiri da tsami suna da zafi a kan rauni. Wata 'yar uwar Abbansu da ɗanta ba ya jituwa da alkama, ita ma na gaya mata tun kafin su zo cewa fulawa ce, na yi masa nasa daban da garin shinkafa da sitacin masara rabi da rabi. Bai kai na fulawa danƙo ba, amma ya yi.

Ajiya ba wuya. Kowane launi a ƙulle shi a leda a matse iska, sannan a sa a roba mai murfi. A zafin Makka firji nake sawa, can sama inda hannu ba ya kaiwa, kuma na rubuta a jikin robar don kada wani ya ɗauka kwaɓin sambusa ne. Nawa yana kai wata ɗaya zuwa biyu. In kin ga farin gari a bayansa, gishiri ne ya fito don ya sha iska, ki jiƙa hannu ki murza zai dawo. In kuwa furfura ce ko wari, ya ƙare. Kuma wannan kam shara ake sa shi a ɗaure, ba ya shiga ledar busasshen burodi. Sai da na yi wa Hajiya bayani sau biyu, don ita a wajenta duk abin da aka yi da fulawa na tumaki ne da tantabaru, alhali gishirin da ke ciki zai iya kashe su, har da kyanwoyin layi.

Kayan aikin wasan ban sayi ko ɗaya ba. Murfin kwalba, tsohon mataji, cokali mai yatsu, finjalin gahawa da ya tsage a baki, sai ƙwallon dabino da yarinyar ke dannawa ta yi ado da shi, shi ma sai auta ba ya kusa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, na fito daga wanka na tarar da Hajiya zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafa, curin kirfa a hannunta. Ta ja wuya, ta matso tozo da babban yatsa, ta fitar da ƙaho biyu, ta karya tsinken sakace ta yi ƙafafu. Yaran sun yi tsit. Auta, wanda bai taɓa ganin sa mai tozo ba, ya ce raƙumi ne. Ta ce, “Kai maigida, rufa min asiri, wannan bijimi ne.” Ta ajiye shi a kan faranti ta fara gina masa akurkin kaji a gefe, sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce min, “'Yar nan, in za ki sake tuƙawa ki ƙara masa duhu kaɗan. Namu na bakin rafi ya fi wannan baƙi.” Na ce cakulan ne ke sa duhun, kuma na daina. Ta ce to in gwada gawayi. Na ce sai na nemo na itace, don na turaren wuta da ke gidan irin mai kamawa da ashana ɗaya ne, an haɗa shi da sinadari. Ta ce ta san mai sayar da na itacen a bayan masallaci, gobe in Allah ya kai mu za ta aiki yaron maƙwabta.